Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Mazaunin Jigo da Sauran Abubuwan da Muka Yi

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

A madadin shugaba da 'yan kwamiti nake gabatar muku da wannan rahoto. Kowa shaida ne cewa bana ba mu shiga ruwa yadda muka saba ba. An rage tseren da muke yi a junanmu, darasin sababbin shiga ya daɗe ana yin sa a kan tudu, jirgin ƙungiya kuma ya kwashe wajen rabin kakar yana tokare a waje babu jigo, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafilan jirgin ruwa. Abu ɗaya ne ya jawo duk wannan, wato mazaunin jigon jirgin. A kansa zan fi tsayawa, sauran kuma in taƙaita.

Galibin jiragenmu ƙirar shekarun 1970 da 1980 ne. Tun da aka baje kolin jirgin Pearson Triton, zanen Carl Alberg, a New York a 1959, faibagilas, wato zaren gilas da aka haɗa da danƙo, ya fara ture katako wajen ƙera jirage masu filafilai. Sai dai katakon bai tafi gaba ɗaya ba. Rufin jirgin faiba fata biyu ne, ta sama da ta ƙasa, an cusa katakon balsa ko filawud a tsakaninsu aka manne. Muddin katakon nan a bushe yake, rufin yana da ƙarfi ga rashin nauyi. A wasu jiragen jigo yana ratsa rufin ya sauka kan ƙashin bayan jirgi. A wasu, irin na ƙungiya, a kan rufin ɗaki yake zaune bisa wani farantin alminiyom, ginshiƙi kuma yana tare shi daga ciki har ƙasa. Wayoyin da ke riƙe jigon kullum danna shi suke yi ƙasa, idan iska ta cika filafilai kuwa, dannawar takan kusanci nauyin jirgin kansa. Duk wannan a kan wuri ɗan mitsitsi yake sauka.

Malamin da ke koyar da tuƙi ne ya fara kawo ƙorafi. Ya ce yana ɗaure wayoyi, bayan 'yan fita kaɗan sai ya tarar sun saki, har zaren sukurun ɗaurewar ya kusa ƙarewa. Da farko an zaci wayoyin ne suka miƙe saboda tsufa. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙofar ban ɗakin jirgin ta soma cijewa. In an yi ruwan sama, sai ka ga ruwa ya kwanta a kewayen gindin jigo maimakon ya gangare. Ga ƙananan tsaga sun fito daga kusurwoyin farantin. Jigon ne ke nutsewa a hankali, rufin yana lotsawa a ƙarƙashinsa.

Mun bi wurin da gudumar roba muna ƙwanƙwasawa. Inda lafiya ƙalau, ƙarar tana fita tsaf. Da an matso kusa da farantin sai ta koma dum-dum. Na'urar auna damshi ta nuna haka ita ma, amma abin da ya raba gardama shi ne ɗan ramin da aka huda daga cikin ɗaki. Garin da ya biyo bakin abin hudar baƙi ne, jiƙe sharkaf, yana warin ruɓa, har ruwa mai launin ƙasa ya ɗigo.

Bayan ƙugiyar ɗaga kaya ta sauke jigon, muka kwance farantin, muka ga hanyar da ruwan ke bi. Ramin wayar fitilar saman jigo da ta eriyar rediyo an huda shi kai tsaye ta cikin balsa, ba a toshe gefensa da komai ba. Ramukan notuna su ma haka. Waɗanda suka riƙe jirgin kafin ya zo hannunmu sun yi ta shafa silikon a kewayen farantin duk sa'ad da suka ga yoyo. Silikon ba ya kama jelkot, wato shafe mai sheƙi da ke saman faiba, da kyau, yana ɗagowa, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa ya shige, sannan ya hana shi fita. Kuma yana barin maiƙon da ke hana wani danƙo kamawa a bayansa. Ina roƙon membobi da babbar murya su daina kai silikon kusa da gindin jigo.

An yi muhawara sosai a kwamiti kan ta inda za a shiga. Wasu sun so a yanka daga cikin ɗaki don kada a ɓata fuskar rufin. Ni ina cikin waɗanda suka ce a shiga ta sama, har yanzu kuma ina ganin shi ne daidai. Wanda ya taɓa ɗaga kai yana manna ƙyallen faiba da danƙon ifoksi yana zubo masa ya san ba a samun aiki mai kyau a haka, wannan kuwa wuri ne da ba ya son a bar kurman rami ko ɗaya. Kafin a taɓa komai an auna matsayin farantin daga wurare uku tabbatattu aka rubuta, an kuma naɗa tef a kan kowane sukurun waya don a san inda yake a da.

An yanke fatar sama, aka ɓamɓare ta. Balsar da ke ƙarƙashin farantin ta zama taɓo, da cokali ma ana iya kwashe ta. Muka ci gaba da ƙwaƙula muna faɗaɗa yankan har muka isa katako fari, busasshe, mai manne da fatunsa. Daga nan sai jira. An kafa rumfar tamfol, aka sa fanka da fitila mai ɗumi, ana aunawa lokaci-lokaci. Nan ne haƙurin wasunmu ya kusa ƙarewa, don suna ganin kaka tana wucewa. Amma ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, wanda ya rufe damshi a ciki kuma zai sake buɗe wurin ba da daɗewa ba.

Ba mu mayar da katako a ƙarƙashin farantin ba. Mun sa allon G10, wanda ƙyallen gilas ne da ifoksi aka matse su suka zama dunƙule. Ba ya shan ruwa, ba ya ruɓa, ba ya lotsawa. An kwantar da shi a kan ifoksi da aka kaurara da garin silika, aka danne har ya ɓullo ta ko'ina. Can gefe, inda nauyin jigo ba ya kaiwa, an sa sabuwar balsa. Sai aka goge bakin tsohuwar fatar a karkace, faɗin gugar ya ninka kaurin fatar sau 12. Tamu milimita 4 ce, don haka gugar ta kai kusan santimita 5 a kewaye. A kan wannan gangaren aka jera ƙyallen faiba falle-falle har ya cike daidai. Abu biyu muka koya wa matasan da suka taya mu a nan. Ifoksi in an dama shi da yawa a ƙaramin kofi yana ɗaukar zafi, har ya yi hayaƙi ya daskare a hannunka, saboda haka kaɗan-kaɗan ake damawa. Sannan in ya bushe yakan fitar da wani santsi a sama, wanda sai an wanke da ruwa kafin a sa samfefa, in ba haka ba fallen da zai biyo baya ba zai kama ba.

Da mun tsaya a nan da mun yi rabin aiki. Ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran jirage, ya dage sai an ɗaga katakon daɓen ɗaki an duba ƙafar ginshiƙin. Allah ya saka masa da alheri. Ginshiƙin yana tsaye ne a kan wani guntun katako da aka lulluɓe da faiba a can ƙasan jirgi, inda ruwa ke taruwa. Daga waje ba ka ganin komai. Da aka caka masa sukudireba sai ta shige har mariƙi. Ke nan nutsewar daga wuri biyu take, sama da ƙasa, kuma sabon rufin da muka gina da ya sake lotsawa a kan ginshiƙin da ba shi da madogara. An tokare rufin da jak daga ciki, ana ɗagawa kaɗan a bar shi ya huta, don faiban da ya daɗe a lanƙwashe in aka tilasta masa lokaci ɗaya tsagewa yake yi. An fasa ruɓaɓɓen katakon, aka jera G10 a madadinsa, aka bar hanyar da ruwa zai wuce zuwa wurin famfo. Ranar da aka sauke jak, ƙofar ban ɗakin ta rufu da yatsa ɗaya.

Toshe ramuka shi ne aikin da ya fi kowane ƙanƙanta, shi ne kuma zai sa sauran su daɗe. Duk ramin da ya ratsa balsa an huda shi fiye da girman notinsa, aka cika da ifoksi, bayan ya bushe aka sake huda daidai girman notin ta tsakiyarsa. Ko ruwa ya bi notin, ba zai taɓa katako ba. An ɗan fafe bakin kowane rami ta sama don danƙo ya sami wurin zama. Danƙon butil muka yi amfani da shi, saboda ba ya ƙanƙarewa, kuma ana iya kwance farantin in buƙata ta taso. Mai son na cikin bututu yana iya sa Sikaflex 291 ko 3M 4200. Shi danƙon 3M 5200 an yi shi ne don abin da ba za a sake rabawa ba, mazaunin jigo kuwa dole wata rana a buɗe shi. Wajen ɗaurewa, mutum ɗaya ya riƙe kan notin a sama kada ya juya, wani ya ɗaure daga ƙasa, don juyawar kan tana yage danƙon. Wayoyin lantarki an fitar da su daga ƙarƙashin jigo, yanzu ta wani bututu mai lanƙwasasshen wuya suke shiga a gefe. Inda ƙarfe marar tsatsa ya haɗu da alminiyom an shafa Tef-Gel, domin ƙarafan nan biyu in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu alminiyom ne ke cinyewa ya zama farin gari. An kuma buɗe ramin tsiyayar ruwa na farantin, wanda datti ya toshe.

Da aka mayar da jigo, mun ɗaure wayoyin gefe da hanyar da kamfanin Seldén mai ƙera jiguna ya bayyana. Ana auna mita 2 a jikin waya mai sili 19. Duk miƙewar milimita 1 tana nufin kashi 5 cikin 100 na ƙarfin da zai tsinka ta. Mun tsaya a milimita 3, wato kashi 15. An sake aunawa bayan an yi ta fita da jirgin cikin iska mai ƙarfi, ba abin da ya motsa.

Ganin abin da aka tono ya sa membobi da dama suka nemi a duba nasu. An sami wasu da damshi ya fara shiga amma katakon bai mutu ba, waɗannan busarwa da sake toshe ramuka ya ishe su. Masu jigon da ke sauka har ƙasa matsalarsu daban ce. Ruwan sama yana bin cikin jigon ya taru a gindinsa, in mazaunin na baƙin ƙarfe ne ya yi tsatsa, ya kuma ci bakin alminiyom. A jirgi ɗaya sai da aka yanke 'yan santimita daga gindin jigon, aka ɗora shi a kan G10 mai kauri daidai abin da aka yanke don kada tsawon wayoyi ya canza, aka sabunta robar da ke rufe wuyansa a rufi.

Sauran ayyuka a taƙaice. Darasin sababbin shiga ya ci gaba, kuma zaman da suka yi a kan tudu bai tafi a banza ba, don yanzu sun san cikin jirgi kamar yadda suka san samansa. An gyara ɗakin ajiyar kaya. Ƙungiya ta mallaki na'urar auna damshi, injin guga mai zuƙe ƙura, da takunkuman da ke tare ƙurar faiba da tururin sinadari. Duk memba yana iya ara in ya sa hannu a littafi. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗi dalla-dalla a nasa rahoton. Abin da zan ce kawai shi ne aikin bai taɓa asusun ko-ta-kwana ba, saboda hannun membobi ne ya yi shi. Muna godiya ga duk wanda ya ba da ranakun hutunsa, musamman matasan da suka sha ƙaiƙayin faiba ba su gudu ba.

A babban taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, kwamiti zai nemi amincewarku kan cewa duk jirgin da ke ƙarƙashin ƙungiya a riƙa ƙwanƙwasa kewayen jigonsa da duba ƙafar ginshiƙinsa kafin a buɗe kaka, kuma duk lokacin da aka sauke jigo a kwance farantin a sabunta danƙo. Muna kuma son a duba farantan da wayoyin gefe ke kamawa a jikin jirgin ƙungiya, don su ma rufin suke ratsawa, na'urar kuma ta nuna ɗan damshi a na hagu. Wanda ke son a sa jirginsa a jerin dubawa ya ba ni suna kafin ranar taron, domin a haɗa sauke jiguna a rana ɗaya da za a kira ƙugiya.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.