Aikin Moustapha Alassane ba wasan yara ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Baƙon nan naku ya yi ta zuba kan sinimar Nijar, da aka zo kan marigayi Moustapha Alassane sai ya ce wai mai zanen kwaɗi ne don yara. Mai gabatarwa ya yi dariya, suka wuce. Haba!

Ya ma kalli kwaɗin kuwa? Bon voyage Sim, fim ɗinsa na zane na 1966, bai wuce minti biyar ba: shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyara, ana ta fareti da bushe-bushe, manya na rusuna masa. Shekara shida ke nan da samun 'yancin kai. Duk wanda aka taɓa jerawa bakin titi ya tarbi babban baƙo ya san da wa ake. Ni an jera ni muna 'yan makaranta, tun hantsi har azahar, tuta a hannu, ba ko ruwan sha, motocin suka wuce fuu ba wanda ya dube mu. Ranar da na ga fim ɗin, da girmana, dariya na yi har da hawaye. Wane yaro zai gane wannan habaici?

Mutumin nan makanike ne tun fari. Da fitila da inuwa ya soma nuna wa mutane wasa, kafin ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya finafinai, a Yamai, ya je Kanada wajen Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane. A 1966 ɗin dai ya yi Le Retour d'un aventurier, inda saurayi ya dawo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat. Ya kuma fito ɗan wasa a Petit à petit na Rouch. Nan Tawa ya zauna yana haɗa 'yan tsanarsa, har Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu a watan Maris na 2015. Ko ɗaya cikin waɗannan baƙonku bai ambata ba. Ku ware masa shiri guda, ku nemo wanda ya kalli finafinan da idonsa.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke jefowa ana tsakiyar magana ya ishe mu. Lokacin nan tuwo muke ci.

Mai sauraronku,
daga Tawa