Kafin muryar Inna ta kuɓuce mana

Assalamu alaikum, 'yan uwa maza da mata da ke zaune a ƙasashen waje.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin rasuwar Innarmu ya riga ya iso ku. Uwa ce ga 'ya'yanta, kaka ga jikokinta, amma da wuya a sami ɗaya a cikinmu da bai taɓa durƙusawa gabanta ya sha nasiha ko faɗa ba, kuma faɗan nata ma na ƙauna ne. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba iyalinta haƙurin rashi.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Nisa ba ya hana addu'a, don haka kada a yi sanyi. Wanda kuma yake bin ta bashi, ko ita take bin sa, ko akwai ajiya tsakaninsu, ya sanar da babban ɗanta a asirce. Bashi ake fara biya, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kafin a zo ga rabon gado.

Iyali sun ɗora wa ƙungiya aiki guda: a tattara muryarta, hotunanta da tarihinta domin jikokin da aka haifa a waje, waɗanda wasunsu ta waya kaɗai suka san ta. Mafi yawan muryar Inna a yau tana hannunku ne, cikin saƙonnin muryar da take turo muku tana tambayar lafiyar yara, tana sa albarka. Kowa ya buɗe hirarsa da ita a WhatsApp yau, ba gobe ba. A duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa, domin suna gogewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. A ajiye kowane saƙon murya daban a wajen manhajar, a sa masa suna da shekara. Fitar da hira gaba ɗaya bai isa ba, saboda idan hirar ta yi tsawo sababbin fayiloli kawai take ɗaukowa, tsofaffin su zube.

Wayarta kuwa, mun roƙi na gida kada a ba kowa tukuna. Abin da ya saba faruwa shi ne wani jika ya karɓa, ya wanke ta don ya sa nasa layin, shi ke nan an rasa komai. Kada kuma a bar ta a ajiye ba a taɓawa, domin WhatsApp na rufe asusun da ya kwana 120 ba a hau ba, kamfanin waya kuma na karɓe layin da aka daɗe ba a taɓa ba ya ba wani.

Hoton takarda a ɗauke shi da na'urar sikana, ɗigo 300 a kowane inci ga babba, 600 ga ƙarami irin na fasfo. In babu na'ura, a shimfiɗa shi kusa da taga da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe waya daidai samansa. A turo shi a matsayin fayil, don tura shi a hoto na matse shi ya rage masa kyau. Wanda ya manne da gilashi ko da albam kada a ɓamɓare shi, fuskar ce za ta biyo. Kada kuma a liƙe shi da ledar zafi, wato laminatin, ba ta ciruwa. A rubuta sunayen waɗanda ke ciki a bayansa da fensir. Tawadar biro na hudowa gaba. Mai tsohon kaset kada ya gwada shi a rikodar da ta daɗe a ajiye, tana iya cinye zaren.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsararrakinta, domin su ba sa jira. 'Yan uwanta da aminanta da suka rage su ne suka san sunayen iyayenta da kakanninta, yadda aka yi aurenta, 'ya'yan da ta rasa, da na wasu da ta riƙe har suka girma. Wanda zai je gida ya ware musu lokaci, ya naɗi muryarsu a waya. A nemi izininsu, a zauna inda babu hayaniya, a sa waya a yanayin jirgin sama don kira kada ya katse, a aje ta kamar taku ɗaya daga bakin mai magana. A fara da faɗin rana da sunansa. Minti 30 zuwa 45 ya ishi tsoho a zama ɗaya. Kada a gyara masa zance, kuma in ya yi shiru a bar shi, sau da yawa bayan shirun ne abin da ake nema ke fitowa. Abin da ya shafi sirrin gida, iyali ne za su ce a ajiye ko a cire.

Duk abin da aka tara za a yi masa kwafi uku: ɗaya a gida, ɗaya wurin wani cikin 'ya'yanta na waje, ɗaya a intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a buɗe ba, don haka mutum biyu za su riƙe kalmar sirri. A turo wa sakatare kafin ƙarshen wata mai kamawa.

Wassalam,
Shugabannin ƙungiya