Kafin a sayi na'urar gano kifi da ta nuna hanya a ruwan Yauri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda masu jirage na Yauri, Shanga da Ngaski da ke sha'awar na'urar gano kifi da mai nuna hanya ta GPS. Yanzu galibi a akwati ɗaya ake haɗa su. Sai dai ba don ruwanmu aka shirya su ba, kuma mai shago a Legas ba zai faɗa maka haka ba.

Taswirar da ke zuwa a ciki yawanci ta tafkunan Amurka ce ko gaɓar teku. Ka kunna ta a tafkin Kainji, iyaka ka ga shuɗin fili, babu zurfi, babu yashi, babu kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka kammala dam a 1968. Saboda haka kada a biya kuɗin taswira. A nemi wadda ke zana tata yayin da jirgi ke tafiya: Garmin na da Quickdraw, Lowrance na da Genesis Live, Humminbird kuma AutoChart Live. Hanyar da aka bi lafiya da rana sai a adana ta, kowane kututture da aka gani lokacin janyewar ruwa a sa masa alama. Amma a tuna tafkin nan yana sauka kusan mita 10 a shekara, inda ta rubuta mita 6 lokacin cika yana iya zama tudu. GPS ɗin ma yana kuskuren mita 3 zuwa 5, don haka a ba alama tazara.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jigilar 'yan kasuwa da ke zaton na'urar za ta hango musu kututture. Ƙasa take kallo, ba gaba ba, kuma idonta, wato ɗan abin da ake sawa cikin ruwa yana aika sauti ƙasa ya dawo da hoto, a bayan jirgi yake. Kafin abu ya fito a allo, jirgin ya riga ya hau kansa. Mai tsayuwa a goshi da gora har yanzu yana da aikinsa.

Ta ɓangaren kifi, idon da ke shiga ruwa shi ne komai. Ana bambanta su da kilohaz, wato ma'aunin kaifin sautin da idon ke aikawa. Mai kilohaz 200 yana duba da'irar da faɗinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin, wato a mita 9 kana ganin mita 3 kacal, amma tsaf. Mai 83 ya fi faɗi, hotonsa bai kai wancan kyau ba. Na'urar da ta haɗa biyun, ko mai CHIRP, wato mai aika sauti a kilohaz daban-daban jere, ta ishe mu. Mai kilohaz 50 da ƙarfin kilowat ɗaya na teku ne, ɓarnar kuɗi ce a nan. A kashe zanen 'yan kifayen nan da ke burge mutane, domin kainuwa da reshe duk kifi na'urar take ce musu. Giwan ruwa yana fitowa a allo kamar bakan harbi, garken warangi kamar hadari. Kurungu da tarwaɗa kuwa da ke kwance a ƙasa sau da yawa sai su saje da laka.

Wajen ɗaurawa ne aka fi yin asara. Sautin ba ya ratsa katako, don haka a jirgin katako dole idon ya kasance a waje. A kafa ɗan allo a bayan jirgi, a ɗaure idon a jikinsa, ta hannun dama, aƙalla santimita 40 daga farfela, cikinsa ya ɗan sauko ƙasa da gindin jirgin kaɗan, ya kwanta daidai da saman ruwa. In zurfi ya ɓace da zarar an ƙara gudu, kumfa ce ke wucewa ta ƙarƙashinsa, a ƙara sauke shi. In kifi na fitowa rabin baka, ya karkace ne. Maɗaurin ya zama mai tashi sama in ya bugi abu, saboda yadda ake jan jirage kan yashi a mashaya.

Wuta kuma, injunan da ake ja da igiya galibi ba su da batir. A sayi na daban mai bolt 12. Ƙaramin allo na inci 4 ko 5 yana cin kusan rabin amfiya, batir mai 7Ah, wato mai ba da amfiya ɗaya na awa bakwai, zai kai ka yini, a cika shi da sola. A sa fiyus mai amfiya 3 kusa da batir, a raba wayar idon da wayoyin inji, in ba haka ba allo zai cika da layuka. Kada a yanke wayar idon don a rage tsawonta, a naɗe ta.

A zaɓi mai maɓallai, don jiƙaƙƙen hannu mai santsin kifi ba ya jituwa da allon shafa. A fita da ita tsakar rana a ga ko ana karanta ta, a duba tana da alamar IPX7, wadda ke nuna tana jure shiga ruwa. Masu sayen ta hannu su tabbatar da idonta da wayarta a ciki, domin bakin filogin kowane kamfani daban ne, kuma idon kaɗai yana iya cin rabin kuɗin sabuwa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wani mai gyaran injin jirgi,
Yauri, Jihar Kebbi.