Sanarwa kan hotunan tsofaffin jaridun mata na Ingila

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu turo hotunan jaridun gwagwarmayar ƙuri'ar mata, don Allah a riƙa duba kwanan wata tukuna, saboda ana ta haɗa jaridu biyu, Votes for Women da The Suffragette.

Votes for Women ta fara fitowa a Oktoba 1907, duk wata, sannan ta koma duk mako a 1908, ana sayar da ita kwabo ɗaya na Ingila (penny). Emmeline Pethick-Lawrence da mijinta Frederick ne editocinta, kuma jaridar ce bakin WSPU, ƙungiyar fafutukar neman wa mata ƴancin ƙuri'a da Emmeline Pankhurst ta kafa a 1903. Masu tallarta a gefen kwalta suke tsayawa, don idan suka hau hanyar masu tafiya a ƙafa, ƴan sanda na iya kama su da laifin tare hanya.

Inda ake kuskure shi ne 1912. A Oktoban shekarar aka raba gari a cikin WSPU kan ƙara zafafa ɓarnar dukiya a matsayin salon gwagwarmaya, ma'auratan suka fita da jaridarsu, WSPU ta buɗe The Suffragette a hannun Christabel Pankhurst, ɗiyar Emmeline Pankhurst. Duk bugun Votes for Women na bayan nan, kada a jingina shi ga WSPU.

Haka ma 1918: matan da suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin dukiya ne suka samu ƙuri'a. Daidaito da maza sai 1928.