Kada A Bar Mai Naƙuda Ta Kwana Tana Yunƙuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin magidantan Zariya kan matan da ake bari a gida suna yunƙuri har gari ya waye. Idan bakin mahaifa ya gama buɗewa, bai kamata mai haihuwar fari ta wuce awa 3 ba ta sauka ba, wadda ta saba kuwa awa 2. Kan jaririn da ya maƙale yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa, jaririn kuma ya galabaita. Danna ciki da yankan gishiri ɓarna kawai suke ƙarawa. A gaggauta kai mai naƙudar asibitin Gambo Sawaba ko asibitin koyarwa na Shika, inda likitoci za su taimaka mata ko su yi tiyata.

Wata ungozoma,
Tudun Wada, Zariya