Ga ɗana da ya tambaya: Allah ne ya ceci yayana ko kuɗin gona?

Ɗana,

Ranar Lahadi a taron matasa ka miƙe gaban kowa ka jefo mini tambaya, lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ka ce 'yan bindiga sun ɗauke yayanka a gona wajen Madarunfa, kun yi azumi da addu'a, amma sai da kuka sayar da gona da shanun noma aka sako shi. Wani kuma ya ce muku biyan fansa rashin bangaskiya ne. "To Mama, Allah ne ya cece shi ko kuɗi?" Tunda a fili ka tambaya, a fili zan amsa, don ba gidanku kaɗai abin ya shafa ba. Daga Madarunfa zuwa Gidan Runji, Kirista da Musulmi duka suna wannan kuka.

Shi mai cewa rashin bangaskiya ne, ba ɗansa ne a daji ba. Ya koma ya karanta Nehemiya sura 4: sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Yusufu ya san Allah na tare da shi, duk da haka shekara bakwai ya yi yana cika rumbuna. Masu bisharar ƙungiyar mishan ta SIM da suka zauna Tibiri a 1927 sun fi mu addu'a, amma ƙungiyarsu ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta yi na kutare a Danja. Ba su ce wa mai ciwo ya je ya yi azumi kawai ba. Gonar nan Allah ne ya ba mahaifinku, da ita aka fanshi rai. Ban ga zunubinku ba. Zunubin yana wuyan wanda ya mai da ɗan Adam hajar kasuwa.

Amma ba zan tsaya nan ba, don akwai abin da ya fi wannan nauyi. In na ce maka Allah ya sako yayanka saboda ƙarfin addu'arku, me zan faɗa wa matar da ita ma ta yi azumi, ta biya, aka kawo mata gawa? Ko wadda ba ta da ko akuyar sayarwa? Buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A sura ɗaya Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a surar nan kuma mala'ika ya fid da Bitrus daga kurkuku. Ikilisiya ɗaya, manzanni biyu, ɗaya ya fita, ɗaya ya mutu, Littafi bai ba mu dalili ba. Ni ma ba zan ƙirƙiro maka ba.

Shi ya sa nake jin haushin wa'azin nan na "shuka iri ka girbi mu'ujiza". Ya mai da dogara ga Allah ciniki: na ba ka azumi, ba ni buƙatata. Ranar da cinikin bai faɗa ba, sai yaro ya ce an cuce shi, ya bar majami'a. Abokan Daniyel uku ba haka suka tsaya gaban Nebukadnezzar ba. Cewa suka yi Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Wannan "ko bai cece mu ba" ɗin ita na gani a bakin iyayenmu a yunwar 1984, suna waƙar yabo da ciki wayam. Ita na sake gani a 2019 da aka ƙone majami'a a unguwar Zariya nan Maraɗi, masu bi ba su daina sujada ba.

Kuma kada kowa ya hana ka kuka. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, babu ko ayar ta'aziyya, kuma ba a cire ta daga Littafi ba. In ranka ya ɓaci, faɗa wa Allah kai tsaye. Mai yi wa Allah ƙorafi bai rabu da shi ba tukuna.

Amsata ke nan: Allah ne ya dawo da yayanka, ta hanyar gonar. Ban ce asarar ƙarama ba ce, damina na zuwa kuma ba ku da wurin shuka. Zumuntar mata mun zauna a kan wannan. Za mu tara hatsi, wani dattijo kuma ya yarda ya ba ku aron fili bana.

Na ji an ce yayanka ba ya barci, ko ƙarar babur ya ji sai ya zabura. Ku kai shi likita, kada ku matsa masa ya ba da shaida gaban jama'a sai ya shirya. Shi kuwa mai maganar rashin bangaskiya, ka ce masa ina nemansa, ya zo da kwanon geronsa.

Mamarka cikin Ubangiji,
daga Maraɗi