Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, musamman waɗanda ke kwana a daji cikin sauro da sanyi. Ni malamin makaranta ne a ƙasar Haɗejiya. Na rubuto ne a kan wurare biyu da suka shafi hukumarka: tafkin tsuntsaye na Dagona a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, wanda ke ƙarƙashin gandun dajin Tafkin Cadi da aka kafa a 1991, da kuma dajin Baturiya na Kirikasamma a Jigawa, ɗaya daga cikin gandaye 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su na ƙasa. Mun yi murna da wannan mataki. Sai dai akwai magana ɗaya da kowane masunci daga Guri zuwa Gashuwa ya sani, kuma ita nake so ta iso teburinka: abin da ke riƙe da waɗannan wurare ruwa ne, shi kuwa ruwan ba a hannunka yake ba. A madatsun ruwa na Tiga da Calawa da ke jihar Kano ake buɗe shi, a can ake rufe shi.

Na san kana da rahotanni, amma ka ba ni dama in faɗa maka abin da baƙo ke gani. Lokacin zuwa shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma da asuba ake fita, kafin hazo ya ɗaga. Mai kwalekwale yana tura jirgi da gora a hankali, ba a magana da ƙarfi. Kafin ka ga komai za ka ji fiton kirinjijiya. Can sai dinya ta tashi da nauyinta, zalɓe kuma yana tsaye a bakin ruwa ko gezau. Akwai wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba, shi ne ya fi ɗaukar hankalin ɗalibaina duk lokacin da na kai su. A tudu ga goruba da bagaruwa da kanya, jan biri na leƙen mutane, guza na sulalewa cikin ruwa. Sannan ga baƙin da suka sa duniya ta san da mu, ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa da ke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Rasha, su tsallake Bahar Rum da Sahara su zo su yi hunturu a nan. Wani tsohon maharbi ya taɓa kwance wani ƙullin tsumma ya nuna wa yaran zoben ƙarfe, bai kai na ƙaramin yatsa ba, da lamba da rubutun boko a jiki. A ƙafar tsuntsu ya cire shi shekaru da dama. Yaran sun yi ta juya shi a tafin hannu, darasin taswirar da na sha fama da shi a allo ranar ya shiga.

Ba yau aka fara sanin darajar wurin ba. Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000, Dagona da Baturiya kuma suka bi sahu a 2008. Takardun yabo dai ba mu rasa su ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan fadama kogunan Haɗejiya da Jama'are ne suka yi ta. Idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi sai su rarrabu, su malale da damina, su janye da rani, abin da ya rage ya haɗu ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Wannan zuwa da komawa shi ne komai. Da ruwa ya hau kifi zai shiga ciyawa ya hayayyafa, manomi ya shuka shinkafa. Da ya janye a bi danshi da wake, Fulani su sauko da shanu, tsuntsu ya sami taɓo da ruwa marar zurfi da yake kiwo a ciki. Rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi ma da wannan malala suke cika.

Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, sai lissafin ya canza. Malalar damina ta ragu, kuma saboda noman rani da ruwan shan Kano ana sakin ruwa har da rani, wato hanyoyin da a da suke bushewa duk shekara suka daina bushewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta sami abin da take so, ruwa kwance shekara ɗungurungum, ta cika hanyoyi, ta tare laka, laka ta ƙara mata wurin tsayawa. Tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru. Sakamakon shi ne wani yana kuka gonarsa ta zama tafki, wani a ƙasa da shi yana kuka ruwa bai iso ba, kuma duk kogi ɗaya ne. A cikin kacallar nan tsuntsun jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa gero da shinkafa, yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani maimakon su zo aji. Wannan na ƙarshe ni ya fi shafa, don kujerunsu nake gani babu kowa. Su kuwa agwagin Turai ba su da abin yi da dajin kacalla. Fili suke so.

Ban rubuto don in zagi madatsun ruwa ba. Tumatir da shinkafar Kadawa da ake nomawa da ruwan Tiga muna ci, Kano kuma dole ta sha ruwa. Abin da nake roƙo shi ne hukumarka ta nemi kujera ta dindindin a inda ake yanke shawarar sakin ruwa, tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a fitar da jadawali a rubuce: yaushe za a saki ruwa mai yawa da damina don fadama ta malala, yaushe za a rage da rani don wasu hanyoyi su bushe a samu a yashe su. Kuma a sanar da jadawalin a rediyo da Hausa da Badanci da Fulfulde da Barbarci. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗejiya ya san bambancin ruwan da aka sanar da zuwansa da wanda ya iske mutum yana barci. Akwai ma asusun amana da jihohin Bauci, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka kafa da gwamnatin tarayya a 2006 saboda wannan kogi. Ba sabon gini ake nema ba, ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana nan. Haka nan duk ranar da aka sake tayar da maganar madatsar Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are, muna so a ji muryarka, domin Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo malalarsa yadda Allah ya yi shi.

Sai maganar mutane. Da aka ce Baturiya za ta zama gandun ƙasa, tambayar da na fi ji a kasuwa ita ce, "To yanzu za a hana mu shiga ke nan?" Tsoron yana da dalili. Macen da ke yankar kaba ta saƙa tabarma, da masuncin da ke neman itacen banda, da makiyayin da kakansa ya bi wannan burtali, ba su ne ke cika manyan motoci da itace da dare ba. Idan mai gadi ya haɗa su a ma'auni ɗaya, ya yi asarar idanu dubu da za su taya shi tsaro kyauta. A zauna da bulamai da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo, a shata inda ba a taɓawa sam, da inda za a ɗiba da ƙa'ida, da watannin da ba a harbi. Idan za a ɗauki masu gadi da masu yi wa baƙi jagora, a fara da 'ya'yan garuruwan. Maharbin da ya san inda dinya ke kwana ya fi kowa iya kai baƙo ya gan ta, in dai abin da zai samu a jagoranci ya fi kuɗin namanta.

Game da baƙi kuwa, kada a zauna jiran Turawa masu madubin hangen nesa. Za su zo idan hanya ta yi lafiya, amma ba da su za a cika wurin ba. Masu cika shi suna makarantun Haɗejiya da Nguru da Gashuwa da Dutse da Kano. Buƙatunsu ba su da yawa: farashin shiga da aka rubuta a allo kowa ya gani, rangwame ga ɗalibai, kwalekwale mai rigunan kariya, rumfa da banɗaki da wurin salla, da ɗan littafi mai hotunan tsuntsaye da sunayensu na Hausa da Badanci. Sunayen nan a bakin tsofaffi suke, kuma tsofaffin suna tafiya, ya kamata a rubuta su tun yanzu.

A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa, ranar 2 ga Fabrairu kuma ita ce ranar dausayi ta duniya. Ina roƙon a riƙa wallafa sakamakon ƙidayar kowace shekara a fili, kusa da adadin ruwan da aka saki daga Tiga da Calawa a wannan shekarar, don mai karatu ya gwada da kansa. Bikin ranar kuma a fitar da shi daga ɗakin taro na Abuja a kawo shi bakin ruwa, shekara guda a Dagona, shekara guda a Baturiya, a gayyato shugabannin hukumar kogunan su shiga kwalekwale su ga inda kacalla ta toshe. Ɗalibai mu za mu kawo, mota kawai muke nema.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa ma'aikatanka lafiya.

Wassalam,
Wani malamin makaranta daga ƙasar Haɗejiya